Kwanon da Mavis Ta Kai wa Wani

Shekara arba'in da uku Mavis Tranter ta yi tana hidima a mashayar Hannun Maƙeri da ke Tipton a Ingila, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ta zauna a kujerar wurin ba, sai in igiyar takalminta ce ta kwance. Ni ce Sheila, ƙawarta tun muna 'yan firamare. Ban iya rubutu irin na masu littafi ba. Labarin jirgin ruwan da zan bayar ma ba a idona aka yi ba. Daga bakinta na ji shi, da bakin mijinta Len, sau da yawa har na haddace.

An haife ta a wani ɗan gida da bayansa ke jingine da hanyar ruwa. Babanta maƙerin sarƙa ne, uwarta kuma wanki take yi wa mutane. Tana da shekara goma sha biyar ta bar makaranta ta shiga masana'antar ƙusa. Tana da sha takwas, wata Asabar aka roƙe ta ta taya kwashe kofuna a mashaya saboda mai yi ba ta da lafiya. Taimakon yini ɗaya aka ce. Ba ta fito ba sai da gwiwoyinta suka gaza, tana da sittin da ɗaya.

Gajeriya ce mai kaurin damtse, kofi biyar take ɗauka a kowane hannu. Ba ta cika riƙe sunan mutum ba, amma in ka sha abu sau ɗaya a gabanta, ko bayan shekara goma ka dawo, kafin ka cire hula ta zuba maka shi. Allah bai ba su haihuwa ba ita da Len, don haka duk wanda ta girma, ko da wata ɗaya ne, ɗanta ne ko 'yarta. Tana kuma da wata cuta da muka daɗe muna yi mata tsiya a kai: idonta ba ya jure ganin kofin da aka shanye a kan tebur. A bikin 'yata, tana sanye da hular da ta saya musamman don ranar, na same ta tana tattara kwanuka, ma'aikatan otal na bin ta a baya suna ba ta haƙuri.

Abincin da aka san Hannun Maƙeri da shi ƙunshin ƙoda ne. Naman sa da ƙoda ake rufewa cikin kwaɓin fulawa da kitse, a turara awa huɗu har cokali ya riƙa shiga kamar cikin man shanu, a kwarara romo a kai, a sa dakakken dankali a gefe. Dubbai ta kai wa mutane. Nata kuwa, in ya rage, a tsaye take cinsa a kicin wajen ƙarfe uku, ya huce, kitsen ya daskare. Dokarta ce, ta kuma koya wa duk wadda ta yi aiki a ƙarƙashinta: mai hidima ba ta ajiye wa kanta kwano, ba ta kuma ce wa baƙo abu ya ƙare alhali yana nan.

A shekara ta biyu ta korona, wajen bikin Ista, burodi ya fara tsaya mata a ƙirji. Ta ɓoye har wata biyu. Da aka duba aka ce ciwon daji ne a hanyar abinci, ya kuma wuce a cire shi. Likita ya ce hanyar na ƙara tsukewa kullum, don haka Litinin ta farko a watan Agusta za a sa mata roba a ciki, ta nan za ta riƙa ci. Bai ɓoye mata ba, ya ce da wuya wani abu ya sake bi ta bakinta bayan nan. Kafin ranar kuma, tun Juma'a za a yi mata gwajin korona, daga nan ita da Len su kulle kansu a gida har Litinin, ba shiga ba fita.

A lambuna ta faɗa mana abin da take so, muna shan shayi.

"Ni dai kafin su rufe ni, so nake in zauna a mashaya," in ji ta. "In zauna, Sheila, ɗuwawu a kujera. Wata ta zo ta ce me za a kawo miki. In ce ƙunshin ƙoda da rabin kofi na baƙar giya. Ta kawo da zafinsa, ta ce in yi hankali da kwanon. Shi ke nan."

Len ya ce, "Ai ni ma sai in turara miki a gida."

"Kai da ka ƙona ruwan zafi?"

"Sau ɗaya ne, tsohuwa. Kuma butar ce ta ƙone, ba ruwan ba."

Hannun Maƙeri an daɗe da mai da ita shagon sayar da darduma. Len, tsohon direban bas ne, dogo, marar yawan magana, shi ya kawo shawarar jirgi. Tun suna sabon aure suke hayar siririn jirgin ruwa duk shekara su yi mako a hanyar ruwan Shropshire, suna ɗaure jirgi a bakin kowace mashaya. A tafiyarsu ta farko ya taka igiya ya faɗa ruwa da hularsa, tun daga ranar take kiransa Kyaftin. Ya ɗauko tsohuwar taswirarsu, ya zagaye mashaya shida da jan biro. Ya ce a cikin shida ai ba a rasa ba. Aka kama jirgi daga Juma'a zuwa Juma'a, mu uku.

Ana gobe tafiya wayata ta yi ƙara. Manhajar nan ta korona ce, wai na kusanci mai cutar, in killace kaina. A watan nan haka ƙasar take, kowa wayarsa na tura shi ɗaki. Na kira Mavis ina kuka, ita ce ma ta riƙa lallashi na.

"Zauna abinki, 'yar nan. Da ma munsharinki ya fi injin jirgi."

Suka tafi su biyu. Tun kafin su kwance igiya ta sa Len ya yi mata alkawari ba zai gaya wa kowa halin da take ciki ba.

"Ba na son abincin tausayi," in ji ta. "Na sha kai wa mutane irinsa. Kana ajiyewa kana kallon mutum kamar gawa. Ni baƙuwa ce kawai mai jin yunwa."

Ruwan cike yake da jirage, don babu mai fita ƙasar waje a shekarar, kowa hutunsa a gida. Jirgin ba ya wuce saurin mai tafiya da ƙafa. Mavis na zaune a gaba da bargo a cinya duk da ana zafi, Len na baya riƙe da sandar tuƙi, suna yi wa juna magana da ƙarfi ta saman rufin.

"Kyaftin, in ka sake goga mu da bango, sauka zan yi in taka, in riga ka isa."

"To ki kama mana tebur in kin isa."

Asabar da rana suka isa ta farko, Agwagwa Uku. Len ya ɗaure jirgi, ta sa jan-baki, ta sa 'yan kunnenta, suka hau matakala tana riƙe da hannunsa. Ƙofa a kulle, an manna takarda da rubutun hannu: an killace ma'aikatanmu, ku yi haƙuri, sai mun dawo. Mavis ta leƙa ta taga, ta ga kujeru a kife a kan tebura.

"Ko ba komai sun share ƙasa kafin su tafi," in ji ta.

Ta koma jirgi ta ci ƙwai mai laushi, a hankali, da ruwa.

Lahadi ta biyu a buɗe take, amma abin sha kawai, kuku na gida yana ƙirga kwanakin killacewa. Ta uku a kulle. Litinin da rana suka isa ta huɗu, tun daga bakin ruwa suna jin ƙamshin soyayyar albasa. A ƙofar lambu wata mata ce tsaye da takarda a hannu, takunkumi ya jiƙe mata da gumi.

"Kun kama wuri?"

"A'a," in ji Len. "A jirgi muke. Mu biyu ne kacal."

"Yallaɓai, mutum biyu ne ke aikin mutum tara. Tebur goma kawai muka buɗe, kuma duk an kama har mako mai zuwa."

Ga tebura nan a bayanta fiye da ashirin babu kowa, an ɗaure su da jan zare. Len ya kalle su, ya kalli matarsa, ya buɗe baki.

"Baiwar Allah, abin da ya sa nake roƙo, matata..."

Mavis ta taka masa ƙafa. "Matarsa ta san aikin, 'yata. Tun ƙarfe nawa kike tsaye?"

"Tun bakwai."

"Sa tabarmar roba a inda kike tsayawa, kuma ki riƙa canza takalmi da rana. Mu tafi, Kyaftin."

Suka koma jirgi. Sai da Len ya kunna inji ya ce, "Kalma ɗaya ce, Mavis. Da ta buɗe mana tebur."

"Da ta buɗe, sannan ta shiga kicin ta yi kuka, sannan ta makara wa tebur goma. Bar yarinya."

Da la'asar ranar suka isa majuya. Jirgin ya fi faɗin hanyar ruwan tsawo, ba a iya juya shi sai a wuraren da aka fafe gefen ruwa don haka, kuma wuraren nesa suke da juna. Mai hayar mako dole ya juya a tsakiyar makonsa, in ba haka ba jirgi ba zai koma ranar da aka ce ba. Su kuwa ba jirgi kaɗai ke jiran su Juma'a ba, har da gwajin asibiti. Len na shirin karya kan jirgi sai ga wani na tahowa daga gaba, mai tuƙin ya ɗaga musu hannu.

"Akwai abinci a gaba?" in ji Len.

"Akwai, ta bakin gadar ƙarfe, awa biyu daga nan. Mun ci har mun kwance ɗamara."

Len ya ɗauko taswira. Mashayar na nan, ita ce ta biyar da ya zagaye. Amma majuya ta gaba sai an yi awa biyar bayanta, ga ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi ko sauke shi goma sha biyar a jere a tsakani, shi kaɗai zai buɗe ya rufe. Ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa. Ko ta ina ya bi, Asabar yake fitowa. Ya ce to su nemi tasi. Ya kira lamba uku daga wayarsa mai maɓallai. Biyu ba a ɗauka ba, na ukun ya ce direbobinsa duk suna killace, sai dai jibi.

"Juya mu," in ji Mavis.

Ya juya. Daga nan kuma hanyar da suka biyo ce, ƙofofin mashaya da suka riga suka gani. Talata ƙwai ya ƙi wucewa. Ta koma miya marar gudaji da kunun madara. Len na jin ta daga baya tana tari a kan kwatami, ta buɗe famfo don kada ya ji. Shi kuma ya riƙa ƙara wa inji wuta don ta ɗauka bai ji ba. Laraba ta ce masa, "In da romo da yawa, cokali uku ko huɗu zan iya. Ai ba ƙoshi nake nema ba."

Alhamis, ranarsu ta ƙarshe, wajen sha biyu da kwata, suka sake zuwa Agwagwa Uku. Tun daga kwana Len ya hango laima a buɗe a lambu, jirage sun yi layi a bakin ruwa. Sai can nesa ya sami wurin ɗaurewa. Ta sake sa jan-baki. A bakin ƙofa ga allo an rubuta abincin rana da alli, na uku a jeri: ƙunshin ƙoda, saura shida.

Len ya ce hannunta ya matse nasa har ya ji zafi.

Suka sami ɗan tebur a gefen taga. Mavis ta zauna, ta gyara siket, ta ɗora jakarta a cinya kamar mai jiran hoto. A kan teburin an manna wata alama wai a nuna mata waya a yi oda. Wayar Len ba ta san wannan ba. Wanda ba shi da irin wayar sai ya bi layi zuwa kanta, layin kuwa ya fita har lambu. A bayan kanta mace ɗaya ce, mai mashayar, Donna, 'yar shekara arba'in da wani abu, gashinta ya manne a goshi. Ita ke zuba giya, ita ke karɓar oda, in ƙararrawar kicin ta buga ita ke rugawa ta ɗauko kwano. Mijinta ne a kicin, shi ma shi kaɗai.

Len ya shiga layi. Mavis ta zauna tana kallo. Teburin da ke kusa da ita kofuna bakwai ne a kai, an shanye, masu shi sun tashi. Na gaba da shi ma haka, har da kwanuka. Ta kau da kai ta kalli ruwa. Ƙararrawa ta buga sau biyu babu mai zuwa, ta san abinci na can yana hucewa. Sai ta ji Donna na ce wa wani, "Ka yi haƙuri, kofuna sun ƙare, bari in wanko." Muryar na rawa, irin rawar da Mavis ta sani, ta wadda saura kaɗan ta ajiye komai ta shiga banɗaki ta kulle.

Daga baya ta ce mini, "Wallahi Sheila, ni dai teburin kusa da ni kawai na ce zan kwashe."

Ta sa takunkumi, ta ajiye jaka, ta tashi. Kofi biyar a dama, biyu a hagu, ta ƙara uku a hanya. Ta dire su a ƙarshen kanta.

"Ina injin wankinki, 'yata?"

Donna ta ɗago. "Mama, ba sai kin..."

"Shekara arba'in da uku, Hannun Maƙeri, Tipton. Ina injin?"

Donna ta nuna da haɓa. Kafin minti goma an ɗaura wa Mavis ƙyallen aiki a ƙugu, ita ke kai abinci. Daga cikin layi Len na kallon ta tana wucewa da kwanuka uku a hannu ɗaya, gwiwoyin da suka hana ta hawa matakala jiya kamar an canza su. Ta kai ƙunshi biyu lambu, ta dawo ta goge shida ta rubuta huɗu. Da ta zo wucewa ya kamo gefen rigarta.

"Mavis, ki ce wa kuku ya ajiye ɗaya."

"Bi layi, Kyaftin."

"Don Allah."

"Akwai huɗu. Mutum nawa ne a gabanka? Za ka isa."

Sai aka yi odar biyu ta waya daga lambu. Ta kai, ta rubuta biyu. Wata mata ta karɓi ɗaya, saura ɗaya. Gangar giya ta ƙare, Donna ta ce za ta sauka ƙasa ta canza, ta miƙa wa Mavis takardar oda da biro. Haka aka yi Mavis ta tsaya a bayan kanta, mutum ɗaya ya rage tsakaninta da mijinta.

Wani mai keke ne, da matsattsen wando da hular kwano a hannu. Ya tsaya yana karanta allo kamar jarida.

"Kifin nan da yawa ne?"

"Da yawa ne, ɗana. Sabo ne kuma."

"Ko dai kifin... A'a, jiya na ci kifi. Ƙunshin nan fa, akwai saura? Na ga an rubuta ɗaya."

Len ya ce yana tsaye a bayan mutumin, yana girgiza mata kai, yana motsa baki ba sauti: ya ƙare, ki ce ya ƙare. Kalma biyu ce, babu wanda zai sani, Donna ma na ƙasa. Mavis ta dube shi ta saman kafaɗar mutumin, ta ɗan daɗe.

"Akwai," in ji ta. "Da dankali ko da ganye?"

Ita ta kai masa. Ta ajiye a gabansa ta ce ya yi hankali, kwanon da zafi. Ta dawo ta goge layin daga allo da gefen hannunta. Len ya iso kanta, ta riƙe biro.

"Me za a kawo maka, yallaɓai?"

Ya fita ya tsaya a bakin ruwa yana kallon jirage.

Ba ta cire ƙyallen ba sai ƙarfe uku saura. Da ta je kwashe teburin mai keken, ya tafi, ya bar fiye da rabi, ya cusa takardar goge baki a cikin romon. Ta ɗauka ta kai kicin ta kankare a kwandon shara.

Donna ta zube a kujera, ta kama hannun Mavis da hannu biyu.

"Mama, Allah ne ya jefo ki. Wallahi saura kaɗan in rufe ƙofa in kori kowa. Me za ku ci? Duk abin da kuke so."

"Ƙunshi ya ƙare ko?" in ji Len, wanda ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ya ƙare, Baba. Awa huɗu yake ci a wuta, ƙoda ma sai gobe za a kawo. Ku zo Asabar, zan ajiye muku teburin taga, ni da kaina zan kawo."

Len ya dubi matarsa. Wannan karon ba ta taka shi ba, kallonsa kawai ta yi.

"Sai Asabar ɗin, 'yata," in ji ta.

Donna ta zuba mata rabin kofi na baƙar giya. A tsaye ta karɓa, a ƙarshen kanta, inda ma'aikata ke tsayawa. Kurɓa biyu ta yi.

A jirgi Len ya yi mata faɗa, shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya ce mako guda yana buɗe ƙofofin ruwa da bayansa mai ciwo, ya ce mutumin ko sunan abincin bai damu da shi ba, ya ce me dokar Hannun Maƙeri ta taɓa yi mata, mashayar da darduma ake sayarwa a cikinta yanzu. Ta bar shi ya gama.

"Ya tambaya, Len," in ji ta. "Da bai tambaya ba, da wani abu ne. Na buɗe baki in ce ya ƙare, bakin ya ƙi."

Daga baya ya ce mini tun da suka yi aure bai fi sau biyar ta kira shi da sunansa ba.

Juma'a suka mai da jirgi, aka yi gwaji, suka shiga gida suka kulle. Da yamma Len ya kira ni ya faɗa mini duka, yana magana ƙasa-ƙasa daga lambu. Kwanakina na killacewa sun cika a ranar. Ni ban yi wa kowa alkawari ba. Asabar da hantsi na hau mota. Tafiyar da jirgi ke yini yana yi, minti arba'in ce a titi.

Na gaya wa Donna komai a tsaye a bakin kanta. Ta toshe baki da hannu, ta shige kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta naɗe kwanon a tawul biyu, da romo daban a cikin kwalba, da cokali da wuƙa na mashayar a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta so ta biyo ni, amma babu wanda za ta bar wa mashayar.

Na ajiye a bakin ƙofarsu, na ƙwanƙwasa, na ja da baya. Len ya jawo tebur zuwa tagar falo, ya shimfiɗa ƙyalle. Mavis ta fito da rigar barci, ta gan ni a tsaye cikin furanninta, ta girgiza kai.

"Kin faɗa mata ko?" Ta cikin gilashi muryar ke zuwa, sama-sama.

"Na faɗa."

"Bakinki kamar ƙofar kasuwa. Kuma sauka daga kan furannina."

Ta koma ciki. Na ɗauka fushi ta yi, ashe jan-baki ta je sawa. Ta zauna. Len ya rataya tawul a hannu, ya sunkuya ya tambaye ta me za a kawo mata. Ta faɗa masa. Ya kawo, ya manta bai ce ta yi hankali da kwanon ba, sai da ta tuna masa.

Ta yanka, tururi ya tashi har ya rufe gilashin tsakaninmu, Len ya goge da hannun riga don in gani. Ta sunkuya ta shaƙa. Ta ɗebi romo zalla, rabin cokali, ta sa a baki. Ina kallon wuyanta. Ta gwada sau ɗaya, ta gwada na biyu, idonta ya kawo ruwa. Ta daɗe da shi a baki, sannan ta ɗauki farin ƙyallen Donna ta kai bakinta, ta naɗe, ta ajiye a gefe.

Ni ina waje, hannuna a kan gilashi, ko bayanta ba ni da ikon shafawa.

"Ki ce wa mijin yarinyar nan gishiri ya yi kaɗan," in ji ta da ta sami murya. "Amma kwaɓin ya yi. Kwaɓin ya yi sosai."

Ta tura wa Len kwanon. Ya ce ba zai iya ba. Ta ce abinci ba ya jiran kowa, kuma ba za a mayar wa yarinyar nan kwano da saura ba. Ya zauna ya ci, ta tallafe haɓa tana kallon kowace loma, tana tambayarsa ko ƙodar ta yi laushi, ko akwai albasa a ciki, yana amsawa da kai.

Litinin aka sa robar. Ta rayu har tsakiyar Nuwamba, kuma ko ruwa bai sake wucewa ba, sai dai mu jiƙa mata leɓe da auduga. Ni da Len muka riƙa karɓa-karɓa a gefen gadonta. Ranar jana'izarta Donna ta rufe mashaya ta zo, ta tsaya a can baya, ba ta san kowa ba sai mu biyu.

Len bai sake hawa jirgi ba. Yakan zo wurina ran Lahadi mu ci abin da na dafa. Wani lokaci yana cikin ci sai ya ajiye cokali ya ce da ya shiga layin nan minti ɗaya kafin mai keken. Nakan ce masa ci abincinka, Len.